Mun Yi Saɓani da Mai Fiyano

Ina yaro, duk ranar Alhamis da asuba mahaifina yake tashe ni mu kama hanyar Maigatari. Daga Gumel ba wani nisa ba ne, amma kafin rana ta ɗaga hanya ta cika da a-kori-kura da amalanken shanu da 'yan ƙafa. Shi ya wuce rumfarsa ta tireda, ni kuma aikina ɗebo ruwa da nemo canji. Kasuwar Maigatari kunne ne yake fara shigarta kafin ido. A kara shanun da aka koro daga Nijar suna kuka, raƙuma suna gurnani, dillalai suna rantse-rantse. Can gefe mai kaset ya jona lasifika da batirin mota ya saki Shata ko Ɗanƙwairo. In ya ga mutanen Damagaram sun yi yawa sai ya juya zuwa Mu'azu Ɗan Alalo, in ya hango direbobi ya sa Haruna Uji na Haɗeja.

Wanda ya fi zauna mini a rai kuwa bai taɓa shiga kaset ba. Wani tsoho ne daga ƙauyukan Sule Tankarkar, yana zama a gindin darbejiya kusa da 'yan fura. Baba mai gurmi muke ce masa. Kayan sana'arsa duka ba su fi a rataya a kafaɗa ba: ƙoƙo ne aka rufe da fatar guza, aka zura masa sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu. In ya fara taɓawa sai ka rantse mutum uku ne suke kiɗa. Yana ganin mahauci ya yi masa taken mahauta, yana ganin Bafulatani ya sauya hannu, mutumin ya tsaya cak yana murmushi alhali ba a ambaci sunansa ba.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ni ma ka koya mini."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara nawa za ka ba ni?"

Na ɗauka wasa yake yi. Sai ya miƙo mini hannunsa na hagu. Kan yatsunsa ya yi kanta kamar tafin ƙafar manomi. Ya ce shekara bakwai ya yi yana ɗaukar wa maigidansa jaka, yana jeme fata, yana amshi, kafin a yarje masa ya kaɗa a gaban mutane. Da muka koma gida na ba mahaifina labari, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Gidanmu ba a roƙo." Maganar ta mutu a nan.

Haka kiɗa yake a ƙasar Gumel da na tashi na tarar. Gado ne, ko kuma barantaka mai tsawo. Fadar Lautai tana da masu tambari da kakaki da algaita, waɗanda in sarki ya hau ranar Salla tun daga nesa za ka san ya fito. Manoma suna da gangar noma, mahauta suna da kalangu, mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu, 'yan mata suna da gaɗa a dandali. Kowane kiɗa da ma'abotansa, kuma kowane makaɗi yana iya faɗa maka a hannun wa ya koya, shi ma wancan a hannun wa.

Sai fiyano ta zo. Ba ta zo da sallama ba, ta bayan fim ta shigo. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, kafin shekara goma ta cika kuma finafinan Hausa sun zama kasuwa, musamman bayan Sangaya a 1999. Waƙoƙin finafinan nan, waɗanda aka laƙaba wa nanaye, a situdiyo ake haɗa su da wani allo mai maɓallai farare da baƙaƙe, yawanci ƙirar Yamaha. A cikinsa akwai ganga, akwai sarewa, akwai goge, akwai abin da ba mu san sunansa ba. Ka danna maɓalli ɗaya kiɗa ya kama kansa yana tafiya, kai naka ɗora murya. Kafin a ankara gidan biki a Gumel da Gagarawa ya koma janareto da lasifika da yaro ɗaya mai kaset, daga baya faifan sidi, daga baya memori. A Maigatari rumfar mai kaset ta zama ta masu tura waƙa a waya. Tun daga lokacin, in dattijo ya ce "kiɗan fiyano" da ɗan taɓe baki yake faɗa, yana nufin kiɗan da inji ya yi, wanda hannu bai sha wuya a kansa ba.

Ni ma haka na ɗauke ta har aiki ya kai ni Legas. Wani abokin aikina ya matsa mini na raka shi zauren MUSON da ke Onikan, cibiyar ƙungiyar masu kiɗa da aka kafa a 1983. Na tafi ne don kada ya ce na ƙi. A tsakiyar dandamali na ga wani baƙin akwati mai ƙafa uku, tsawonsa ya fi na gado, murfinsa a buɗe kamar fiffike. Babu waya, babu lasifika. Wata mata ta fito ta rusuna, ta zauna, ɗaki ya yi tsit har tari mutane suke dannewa. Fiye da awa guda tana kiɗa ita kaɗai, ba takarda a gabanta, ba ɗan amshi, ba wanda ya tashi yin liƙi. Ban fahimci kiɗan ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na fahimci hannun. Yadda take sassauta sauti har ka sa kunne, ta kuma ɗaga shi har ka ji a ƙirji, ban taɓa ganin irinsa ba sai a gindin darbejiyar nan ta Maigatari.

Daga baya na bi diddigin abin, ashe akwatin nan shi ne fiyano ta asali. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera ta farko a birnin Florence wajen shekarar 1700. Cikakken sunanta ma daga kalmomin Italiyanci biyu ya samo asali, masu nufin a hankali da kuma da ƙarfi, domin abin da ya bambanta ta da kayan kiɗan da suka gabace ta shi ne tana bin nauyin yatsa. Maɓallanta 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36. A cikin akwatin akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, kowane maɓalli kuma yana da 'yar guduma mai lulluɓin gashin tumaki. Ka danna, guduma ta bugi tsirkiya ta koma. Ba abin da take yi da kanta. In mai ita ya ɗauke hannu, shiru ne.

Rayuwar wanda ya ɗauki wannan kiɗa sana'a ba ta da bambanci sosai da abin da Baba mai gurmi ya faɗa mini. Yawanci tun yaro bai kai shekara bakwai ba ake zaunar da shi, ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa. Kullum sai ya yi awoyi yana maimaita hawa da saukar yatsu, abin da ba daɗin ji, kamar yadda ɗan makaɗi yake shekara yana amshi. Daga nan makarantar kiɗa, a hannun malami guda wanda shi ma yana iya lissafo malamansa har zuwa ƙarni biyu baya. Sai hadda. Beethoven kaɗai ya bar manyan kiɗan fiyano 32 da ake kira sonata, waɗansu sun haura rabin awa, kuma al'adar da ta kafu tun zamanin Franz Liszt da Clara Schumann a ƙarni na 19 ita ce gwani ya kaɗa da ka. Sai gasa, irin ta Chopin da ake yi a Warso ta ƙasar Folan tun 1927, kusan duk bayan shekara biyar, inda matasa da yawa suke shiga a ɗauki ɗaya. Wanda ya tsallake ya shiga yawon duniya, yau wannan gari gobe wancan, yana kwana a masauki shi kaɗai, yana tsoron abin da zai taɓa masa yatsa. Waɗanda ba su tsallake ba, kuma su ne mafi yawa, su koma koyarwa.

A cikin 'yan Najeriyar da suka bi wannan hanya, wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Akin Euba. An haife shi a Legas a 1935. Mahaifinsa ne ya fara ɗora masa yatsu a kan fiyano, ya yi makarantar CMS, sannan a 1952 ya tafi kwalejin kiɗa ta Trinity da ke Landan. Ya dawo a 1957 da shaidar gwaninta a fiyano da tsara kiɗa irin na Turawa, ya kama aiki a gidan rediyon Najeriya, har ya zama shugaban sashen kiɗa. A ido ya kai inda ake so a kai. Yaro baƙar fata ya je gidan masu abu ya koyo abinsu har ya iya.

Aikin rediyon ne ya sauya masa alƙibla. Ya riƙa fita da na'urar ɗaukar murya yana naɗo kiɗan gargajiya, ya zauna gaban makaɗan da ba su taɓa shiga aji ba, ya ga suna yin abin da shekarunsa biyar a Landan ba su koya masa ba. Maimakon ya raina su sai ya koma ɗalibi. Ya je jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka ya karanci kiɗan al'ummomi, ya koyar a jami'o'in Legas da Ife, kuma a 1974 ya sami digirin dakta a jami'ar Gana kan kiɗan dundun na Yarabawa. Duk Bahaushen da ya ga dundun zai gane ta, 'yar'uwar kalangu ce: ganga mai ƙugu da tsirkiyoyi a jiki, ana matsa su ana sassautawa murya tana hawa tana sauka.

Abin da ya gano a nan mu ma ya shafe mu. Yarabanci da Hausa duka harsuna ne masu karin sauti. Kalma ɗaya in ka ɗaga ta ko ka kwantar da ita ma'ana ta sauya, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum ya yi masa kirari ba tare da an buɗe baki ba. Euba ya dubi fiyano ya ce ai ita ma bugu ake yi, guduma ce take dukan tsirkiya, don haka danginta ganga ce. Me zai hana a sa ta yi magana irin ta gangunanmu, hannun hagu ya riƙe gindin kiɗa yana maimaitawa kamar ƙaramar ganga, na dama ya yi ta zance a kai kamar uban kiɗi? Ya sa wa wannan tafarki sunan kaɗa fiyano irin ta Afirka. A 1970 ya fitar da wani kiɗan fiyano a kan rayuwar gargajiya, a shekarar kuma aka fara gabatar da Chaka, wasan waƙa da ya gina a kan rubutun Senghor na Sanagal. A 1987 ya rubuta waɗansu kaɗe-kaɗe uku ya sa musu suna Wakar Duru. Rabin sunan namu ne, rabin kuma duru, yadda Yarabawa suke kiran fiyano. Ya yi shekaru a Bayreuth ta Jamus, ya zama farfesa a jami'ar Pittsburgh daga 1993 zuwa 2011, ya rasu a Afrilun 2020, saura kwanaki ya cika shekara 85.

Da na jera shekarun nan sai jikina ya yi sanyi. A daidai lokacin da mutumin da ya iya fiyano ta gaske yake durƙuso gaban masu ganga yana neman abin da ke hannunsu, mu da muke da gangar a gida muna shirin jingine ta mu rungumi inuwar fiyano. Shekara uku ne tsakanin Wakar Duru da Turmin Danya. Shi yana tahowa wajenmu, mu muna tafiya inda ya baro, muka yi saɓani a hanya ba wanda ya ga wani.

Ba zan zama tsohon da yake zagin zamani don ƙuruciyarsa ta wuce ba. Fiyanon situdiyo ta yi abin da gurmi bai yi ba. Ƙofar da mahaifina ya rufe mini da kalma huɗu, ita ta buɗe wa dubban yara. A da in ba a gidan kiɗa aka haife ka ba, kama kalangu abin kunya ne, kuma makaɗin da ake rububin ji ranar biki shi ne ake hana wa aure in ya zo nema. Yanzu ɗan malami da ɗan ɗan kasuwa suna waƙa ana ce musu mawaƙa, ba maroƙa ba. Mata sun sami murya a bainar jama'a. Irin su Aminu Ala sun ɗora kalmomi masu nauyi a kan wannan kiɗa, masu bege sun ɗauka, 'yan siyasa sun ɗauka. Ga kuma lissafin aljihu: ƙungiyar makaɗa ta mutum goma tana buƙatar mota da abinci da masauki da sallama, mai lasifika kuwa shi da janaretonsa ne. Uban amarya a Gagarawa da ya sayar da riɗinsa ya yi kayan ɗaki ba zai tsaya dogon tunani ba.

Laifin ma ba na na'urar ba ne. A Yamai akwai Mamman Sani, wanda ya sami wata fiyanon lantarki ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya zauna da ita ya narka mata waƙoƙin Fulani da na Buzaye da yatsunsa, ya naɗi kaset a 1978. Shekara da shekaru kiɗansa ne yake cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar, sai a 2013 wani kamfanin Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Allo mai maɓallai ne a gabansa kamar na kowa. Bambancin, shi ya ba shi shekaru.

Shekarun nan su ne abin da ya salwanta. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, muryoyinsu suna nan a wayar kowa. Amma kaset murya yake adanawa, ba ya adana yadda ake murɗa tsirkiya in hunturu ya busar da fata, ko yadda ake karanta fuskar mutum a san taken da zai motsa shi. Wannan sai an zauna kusa da mai shi. Turawa sun yi wa nasu gata: sun rubuta kiɗan a takarda, sun gina makarantu, suna biyan malami albashi don ya zauna da yaro ɗaya awa guda. Namu a ƙirjin mutane yake, kuma in an kai mutum makwanci da shi ake tafiya.

Maƙwabtanmu na tsallaken iyaka sun nuna abin yana yiwuwa. Malam Mamman Barka, ɗan yankin Tasker ta jihar Damagaram, malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi wanda ya riga ya yi suna. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wajen wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Babba da shi ya koma yaron wani, ya koya, dattijon ya ba shi nasa biram ɗin. Ya zaga da shi ƙasashe har ya rasu a 2018. Shi da Euba ba harshensu ɗaya ba, ba abin kiɗansu ɗaya ba, amma ɗabi'arsu ɗaya: sun kai matsayin a durƙusa musu, suka je suka durƙusa wa wani.

Bara da Salla ƙarama na je gida. Ɗan ƙanwata ya buɗe ɗan situdiyo a Gumel, ɗaki guda da kwamfuta da fiyano, yana yi wa amare da 'yan takara waƙa. Yaro ne mai kunne, kuma yana ci da kansa, har yana taimakon uwarsa. Ya sa mini wata sabuwar waƙarsa, na ji wani sauti a ciki na ce, "Wannan ai gurmi ne."

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, a cikin kwamfuta yake. Akwai kalangu ma, akwai algaita."

Na ce, "Kai ka taɓa riƙe na gaske?"

Ya ce bai taɓa ba. Na ba shi labarin Baba mai gurmi da na Euba, ina tsammanin zai ce surutun tsofaffi ne. Sai ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, in ina so, wa zai koya mini?"

Ban da amsa a baki. Tsohon ya daɗe da rasuwa, darbejiyar ma an sare ta an yi shaguna. Shekara arba'in da suka wuce ni na yi tambaya ga malami a zaune aka hana ni. Yau ga yaro ba mai hana shi, malamin ne babu.

Ranar Alhamis muka hau babur ɗinsa muka tafi Maigatari. Muka yi ta cigiya daga 'yan fura zuwa 'yan fata, wannan ya tura mu wajen wancan, har wani baduku ya ce akwai wani mutum a wani ƙauye ta wajen iyaka da yake kaɗa wa 'yan kokawa bayan kaka. Muka same shi yana gyaran danga. Ba tsoho ba ne sosai, kuma da farko ya ɗauka 'yan siyasa ne suka zo. Da ya ji abin da ke tafe da mu ya shiga ɗaki ya fito da gurmi fatarsa ta ɗan saki, ya kara shi a rana, ya murɗa tsirkiya, ya miƙa wa yaron. Yaron ya taɓa, sautin ya fito kamar kukan kaza. Mutumin ya kama hannunsa ya juya, ya duba kan yatsun nan masu laushi, ya ce ya dawo Alhamis mai zuwa bayan la'asar.

Ƙanwata ta ce mini a waya yana zuwa, wani makon ya je wani makon aiki ya hana shi. Ta ce yana ƙorafin yatsunsa suna zafi.